Idan Haruffan Rasha Sun Koma Akwatuna: Jagorar Mai Zane Kan Sirilik, Ajami da Ƙugiyoyin Hausa

Ana saura kwana uku ya tashi zuwa baje-kolin kayan abinci a Mosko, wani Alhaji mai fitar da zoɓo da citta ya shigo shagona da filashi a hannu. Katin kasuwanci yake so da takardar talla mai ninki uku, gefe ɗaya Turanci, ɗaya gefen Rashanci. Fassarar tana cikin fayil biyu. Na farko na Word ne, ɗan ƙaninsa da ya yi karatu a can ya rubuta masa. Na biyu tsohon fayil ne na bayanin kaya da abokin cinikinsa ya turo. Na kwafi na farkon na zuba a CorelDRAW, sai ga akwatuna sun yi sahu kamar an jera bulo. Na canza font, rubutu ya fito tas. Da na zo kan na biyu, sai na tarar da wasu haruffa masu huluna da ɗigo-ɗigo, irin Ï da ð da è. Na yi ta canza font har aka kira isha'i, ko gezau. Ashe ciwo biyu ne daban, ni kuma ina ta ba su magani ɗaya.

Tun daga ranar na daina taɓa komai kafin in gane wane ciwo ne a gabana, kuma wannan tsarin nake so in miƙa wa 'yan'uwana masu zane.

Abin da ke ƙarƙashin harafi

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. A tsarin Yunikod, wanda ya fara fitowa a 1991, kowane harafi na da lambarsa da babu mai raba shi da ita. Harafin Rasha Ж lambarsa U+0416, ƙ tamu kuma U+0199. Yawancin haruffan Sirilik, wato rubutun da Rashawa ke amfani da shi, suna zaune ne tsakanin U+0400 da U+04FF. Kafin harafi ya iso kan takarda sai ya bi ta hannu huɗu: kibod ɗin da ya samar da lambar, fayil ɗin da ya adana ta, font ɗin da ke riƙe da zanen harafin, da manhajar da ke jera su. Duk ɓarnar da za ka gani, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ya saki igiya. Aikinka ka gano wanne ne.

Mataki na 1: Dubi kamannin ɓarnar

Idan akwatuna ka gani, ko gurbi fayau babu komai, rubutun lafiyarsa ƙalau. Font ɗin ne ba shi da zanen haruffan. Wannan shi ne mafi sauƙi.

Idan ka ga abu kamar Ïðèâåò, rubutun Rasha ne da aka adana da tsohon tsarin Windows-1251, kwamfutarka kuma take karanta shi da tsarin Yammacin Turai. Kalmar da ke ɓoye a nan ita ce Привет, gaisuwarsu ta yau da kullum. Idan kuma Ð da Ñ ne suka cika ko'ina, kamar ÐŸÑ€Ð¸Ð²ÐµÑ‚, to kalmar dai ita ce, amma da UTF-8, tsarin adana rubutun Yunikod, aka adana ta, aka buɗe ta da wani tsarin. Rashawa sun sha fama da wannan har suka raɗa masa suna, suna ce masa krakoziyabri.

Akwai wanda ya fi waɗannan haɗari ga mu da ba ma karanta harshen. Wani lokaci ɓarnar da haruffan Sirilik ɗin take fitowa, ka ɗauka komai daidai ne. Fayil ɗin da aka adana da KOI8-R, wani tsohon tsarin na Rashawa, aka buɗe da Windows-1251 zai mayar da Привет ta koma рТЙЧЕФ. Lura da alamar: ƙaramin harafi a farkon kalma, manya na biye da shi. Haka nan idan ka ga Р da С suna maimaituwa bayan kowane harafi ɗaya, kamar РџСЂРёРІРµС‚, ba Rashanci ba ne, shirme ne.

Idan alamar tambaya ce jere, ??????, kada ka ɓata lokacinka. An riga an goge lambobin asali an maye gurbinsu, babu font ko dabarar da za ta dawo da su. Ka kira mai aikin ya sake turo maka.

Gwaji ɗaya ke raba gardama, kuma bai kai minti ɗaya ba. Kwafi layi guda daga cikin zanen ka manna shi a Google Translate. In ya fito da Sirilik kuma fassarar ta yi ma'ana, matsalar font ce. In bai yi ba, matsalar tana cikin rubutun kansa, sai ka wuce mataki na 4.

Mataki na 2: Tambayi mai aikin wane harshe ne

Mu kan ce "rubutun Rasha" ga duk abin da muka gani da Sirilik, alhali rubutun ma ba a Rasha aka haife shi ba. A ƙasar Bulgeriya ya samo asali wajen ƙarshen ƙarni na 9, kuma yau harsuna da dama ke amfani da shi, kowanne da nasa ƙarin. Rashanci na da haruffa 33. Harshen Yukiren na da ґ, є, і da ї. Na Belarus na da ў. Sabiyawa na da ђ, ј, љ, њ, ћ da џ. Harshen Kazak ya kai haruffa 42, cikinsu har da ә, ғ, қ, ң, ө, ұ, ү da һ. Font na iya ɗaukar Rashanci tsaf, amma ya zubar da rabin sunan mutumin Kazakistan. Kamar dai font ɗin da ke rubuta Turanci lafiya, ka zo kan "ƙasa" ya bar maka "asa".

In takardar tsohuwa ce ta kafin gyaran rubutun da aka yi a 1918, za ka ci karo da ѣ da ѳ, waɗanda ba kowane font ke da su ba.

Mataki na 3: Auna font kafin ka ɗora masa aiki

Ina da wani ɗan fayil da nake ajiye da shi a kan kwamfuta, layi uku ne kawai a ciki. Na farko jimlar da Rashawa ke gwada font da ita ce, domin ta tara haruffansu 33 gaba ɗaya, ma'anarta kuma gayyata ce ta cin burodi mai laushi da shan shayi:

Съешь же ещё этих мягких французских булок, да выпей чаю

Na biyu na sauran harsunan ne da alamomi: Ґґ Єє Її Ўў Ђђ Љљ Њњ Ћћ Џџ Әә Ғғ Ққ Ңң Өө Ұұ Үү Һһ № ₽ « »

Na uku namu ne: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ ₦

Duk font ɗin da zan yi aiki da shi sai na ɗora shi kan layukan nan tukuna, kuma ina gwada siriri, mai kauri da mai kwanciya (wato Regular, Bold da Italic) kowanne daban, don na sha ganin gida ɗaya na font wanda siririn yana da Sirilik amma mai kaurin babu.

Sai dai ido kaɗai na iya yaudararka, domin manhajoji suna da wata ɗabi'a ta rufa wa font asiri. In harafi ya ɓace, sai su aro shi daga wani font ɗin su cusa ba tare da sun gaya maka ba. Word na yin haka. Photoshop da Illustrator da InDesign suna da zaɓi mai suna Missing Glyph Protection a cikin Preferences, wanda ke sauya font ga harafin da babu. Sakamakon shi ne kalma ɗaya da font biyu: harafi ɗaya ya fi 'yan'uwansa kauri ko tsawo, a fuskar kwamfuta ba ka lura ba, sai an buga bana mai ƙafa goma ya fito ɓaro-ɓaro. Don ka kama wannan, haskaka layin gaba ɗaya ka dubi gurbin sunan font. In gurbin ya zama fanko, akwai baƙo a ciki.

Hanya mafi tabbas ita ce ka leƙa cikin font ɗin da kanka. A Windows ka rubuta charmap a wurin bincike, ka zaɓi font ɗin, ka latsa Advanced view, a Group by ka ɗauki Unicode Subrange, sai ka nemi Cyrillic. A Illustrator da InDesign ka shiga Type ka buɗe Glyphs. A Photoshop yana ƙarƙashin Window. A CorelDRAW kuwa Ctrl da F11 ne ke buɗe akwatin haruffa.

Waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba a Rashanci: Arial, Times New Roman, Calibri da Segoe UI da ke zuwa da Windows, sai Roboto, Open Sans, Montserrat, Oswald da Playfair Display daga Google Fonts. In aikin na hukuma ne ko doguwar takarda, na fi son PT Sans da PT Serif. Kamfanin ParaType na Mosko ne ya zana su, an fara sakin PT Sans a 2009 don tunawa da shekara 300 da gyaran haruffan da Sarki Bitrus Mai Girma ya yi, kuma an tsara su ne don su ɗauki ƙananan harsunan Rasha ma. Da yake 'yan gida ne suka zana, haruffan suna zama daram a idon mai harshen. Poppins kuwa, duk da farin jininsa a wurinmu, ba shi da Sirilik. In kana son font ɗaya da zai ɗauki Hausa da Rashanci a shafi guda, ka nemi Noto Sans ko Noto Serif, ko Charis, Gentium da Andika na SIL, wata cibiya mai aiki kan harsuna. Duk kyauta ne.

Abu biyu game da tsofaffin font. Adobe ta daina karɓar nau'in Type 1 tun Janairun 2023, saboda haka in tsohon fayil ya zo da irinsu, ba za su fito a jerin ba ko ka girka su, sai ka nemi madadinsu na OpenType. Na biyu kuma mu Hausawa mun fi kowa saninsa. Wanda ya yi aiki da font irin Rabi'at ya san yadda ake danna q a sami ƙ, x a sami ɗ, v a sami ɓ. A zamaninsa ya fitar da mu kunya ƙwarai, amma da zarar fayil ya je kwamfutar da babu font ɗin, sai ka ga "qasa xaya". Rashawa ma sun yi irin wannan dabarar a shekarun 1990: suka zana haruffansu a gurbin haruffan Turai masu huluna. In fayil ya zo maka da font na musamman wanda sai da shi kaɗai rubutun ke karantuwa, ka san irin wannan ne. Kada ka gina sabon aiki a kansa. Ka juya rubutun zuwa Yunikod tukuna.

Mataki na 4: Gyaran rubutun da ya rikiɗe

Ka fara da kwafin fayil ɗin, kada ka taɓa na asali. Adana fayil sau ɗaya da tsarin da ba nasa ba ya isa ya mayar da shi alamomin tambaya.

In fayil ɗin rubutu ne zalla, kamar txt ko csv, buɗe shi da Notepad++, manhaja ce ta kyauta. Shiga Encoding, sai Character sets, sai Cyrillic, ka zaɓi Windows-1251. In rubutu bai daidaita ba ka gwada KOI8-R, sannan OEM 866 na zamanin DOS. In Ð da Ñ ne suka cika shi, UTF-8 za ka zaɓa kai tsaye. Kowane ka gwada, ka ɗauki layi ɗaya ka kai wa Google Translate ya shaida maka. Da ya yi ma'ana, koma Encoding ka latsa Convert to UTF-8, ka adana. A nan mutane ke yawan zamewa: zaɓen tsari daga jerin yana canza yadda ake karanta fayil ɗin ne kawai, Convert shi ke sake rubuta shi. Karatu ake fara gyarawa, juyawa ta biyo baya.

In rubutun ya riga ya shiga cikin zane da siffar Ïðèâåò, buɗe sabon shafi a Notepad++, ka shiga Encoding ka sa shi a ANSI, ka manna rubutun, ka adana, sannan ka zaɓi Windows-1251 kamar yadda na faɗa. Wannan ita ce dabarar da ta ceci fayil ɗin Alhaji na biyu, kuma ita ce ke warware yawancin rubutun tsofaffin font ɗin can.

CorelDRAW na da nasa maganin. Yunikod ya shigo masa ne a fitowa ta 12, don haka fayilolin da aka yi da ta 11 zuwa ƙasa su ne ke yawan rikicewa. Wajen buɗe irinsu, akwai gurbin Select code page a akwatin buɗewa, ka zaɓi 1251. In ka riga ka buɗe, haskaka rubutun ka shiga Text ka latsa Encode, ka gwada tsarin har samfurin ya daidaita.

Ga masu buga takardun shaida ko katin taro da jerin sunaye daga Excel: kada ka adana da CSV na gama-gari, nan sunaye ke mutuwa. Ka ɗauki CSV UTF-8, ko kuma Unicode Text idan Data Merge na InDesign, mai zuba sunaye cikin zane, za ka ba.

Mataki na 5: Ka sa wa kwamfutarka kibod ɗin harshen

Ko da kwafa kawai kake yi, za ka buƙaci gyara harafi ɗaya ko biyu. A Windows 11 shiga Settings, Time & language, Language & region, Add a language, ka nemi Russian. Ka kula kada ka latsa zaɓin da zai mayar da Windows ɗinka gaba ɗaya Rashanci. Bayan haka, maɓallin Windows tare da na tazara ne ke sauya maka harshe.

Kibod ɗin Rasha na asali jerinsa daban ne, layin sama da ЙЦУКЕН yake farawa. Inda Q take nan Й take, F kuma А take bayarwa. Harafin ё yana can ƙurya ƙarƙashin Esc, alamar № tana kan Shift da 3, aya tana inda muke samun /, waƙafi kuma sai ka haɗa da Shift. Tunda maɓallanka ba su da zanen haruffan, latsa Ctrl, Windows da O tare, kibod zai bayyana a fuskar kwamfuta kana gani. In ka fi son bin sauti, shiga Language options na Rashancin ka ƙara Russian - Mnemonic, inda d ke ba da д, r ke ba da р. A Mac ana ƙara harshe ne daga System Settings, Keyboard, Input Sources. A waya kuma Gboard na ɗauke da Rashanci da Hausa da Larabci duka, ga masu aiki da Canva ko PixelLab.

Wata 'yar matsala da ke ɗaure wa mutane kai: Alt da Shift tare suna sauya harshe a Windows, mu kuma masu zane kullum yatsunmu na kan waɗannan biyun. Kana jan hoto, kibod ya koma Rashanci ba ka sani ba, wasu gajerun hanyoyin su daina amsawa, ka ɗauka manhajar ce ta lalace. Shiga Typing, Advanced keyboard settings, Input language hot keys, Change Key Sequence, ka sa Not Assigned. Shi ke nan.

In harafi ɗaya tak kake nema, Word na da hanya: rubuta lambarsa ka danna Alt da X. 0416 zai koma Ж. Na Hausa kuwa ga su: ɓ 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, ƴ 01B4, manyansu 0181, 018A, 0198 da 01B3. Sai dai ka fara da U+ kafin lambar, domin Word na lissafa haruffan a zuwa f a matsayin lamba. In ka rubuta "da" ka liƙa masa 0257 don ka samu "daɗi", zai haɗa da "da" ɗin cikin lissafi ya ba ka wani abu daban ko ya ƙi motsi.

Mataki na 6: Tagwayen haruffa

Wannan kuskuren namu ne, ba na na'ura ba, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Haruffa da yawa na Sirilik kamarsu ɗaya da na boko: а, е, о, с, р, х, da manya irin В, Н, Р, С. Mai zane ya ga harafi ya goge, sai ya cike da na boko tunda ido bai ga bambanci ba. To Н ta Rasha sautinta "n" ne, Р "r" ce, В "v", С kuma "s". A lamba ma ba su haɗa hanya da namu ba. A takarda ƙila ka tsira, amma in PDF ne ko shafin intanet, mai neman kalmar ba zai same ta ba, mai duba kuskuren rubutu zai ja mata layi, ranar da aka canza font kuma asiri ya tonu. Don ka bankaɗo su, ɗora wa rubutun font marar Sirilik na ɗan lokaci a wurin da ba a aron haruffa. Duk harafin da ya tsaya da ƙafarsa a tsakiyar akwatuna, baƙo ne.

Kada kuma ka juya R ta koma Я ko N ta koma И da madubi don kwalliya. Я "ya" ce, И kuma "i". Mai harshen yana ganin haka kamar yadda za ka ji in aka zana maka ɗ da sandar rake.

Rubutun da aka kwafo daga PDF ko daga sunan fayil na Mac wani lokaci yakan raba й gida biyu, и daban, 'yar hular daban. In ka ga hular ta zame gefe, goge harafin ka sake buga shi da kibod.

Mataki na 7: Mai kwanciya, da al'adar rubutun

Ranar da ka fara mayar da Rashanci mai kwanciya za ka ɗauka ya lalace: т ta koma kamar m, и kamar u, п kamar n. Haka yake, kada ka gyara. Abin da za ka guje wa shi ne kwantar da harafi da ƙarfin tsiya, irin Faux Italic na Photoshop ko karkata shi da hannu a Corel. Nemi font mai kwanciyarsa ta gaskiya.

Sabiyawa da mutanen Masedoniya suna zana б, г, д, п da т masu kwanciya ba kamar Rashawa ba, Bulgeriyawa ma suna da nasu zubin. Lambar ɗaya ce, zanen ne ya bambanta, kuma font mai kyau yana ɗauke da duka. A InDesign, zaɓen harshe a akwatin Character shi ke fito da zubin da ya dace, shi ne kuma ke sa a yanka kalma daidai a ƙarshen layi. Kada ka bar Rashanci a ƙarƙashin Turanci.

Alamar zance a Rashanci « » ce. Ba sa son barin kalma mai harafi ɗaya kamar в, к ko с ita kaɗai a ƙarshen layi, sai ka ɗaure ta da kalmar da ke biye da ita da tazarar da ba ta yankewa. Alamar kuɗinsu ₽ sai a 2014 ta shiga Yunikod, don haka tsofaffin font ba su da ita. Game da ё, sau da yawa suna rubuta ta е a rubutun yau da kullum, amma a sunan mutum ka bi abin da ke cikin fasfo ɗinsa harafi da harafi.

Larabci da ajami

A nan hannu na huɗu ne ke yawan sakin igiya, wato manhajar. Font na da haruffan, amma sai ka ga sun fito a rarrabe, daga hagu zuwa dama. A InDesign buɗe jerin zaɓin Paragraph ka ɗauki Adobe World-Ready Paragraph Composer. A Illustrator ka kunna Show Indic Options a Preferences, sannan ka zaɓi Middle Eastern & South Asian Composer a Paragraph. A tsofaffin fitowar Photoshop sai ka shiga Preferences, Type, ka zaɓi World-Ready Layout ko Middle Eastern and South Asian, ka rufe manhajar ka sake buɗewa.

In tsohon Corel gare ka wanda ya ƙi haɗa haruffa, ka tsara rubutun a Word, ka adana shi PDF, ka shigo da shi Corel. Zai tambaye ka Text ko Curves, ka ce Curves. Rubutun zai shigo a matsayin zane, ba abin da zai motsa. Dabarar tana aiki ga Sirilik ma.

Ajaminmu na buƙatar abin da font ɗin Larabawa da yawa ba su tanada ba: fa mai ɗigo a ƙasa, ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama kamar yadda muka koya a allo, da ɗigon imala mai ba da sautin "e". Siffofin fa, ƙaf da nun na Afirka sun samu lambobinsu a Yunikod a 2016. SIL ta fitar da Harmattan don harsunan Afirka ta Yamma, da Alkalami wanda aka zana bisa hannun rubutun Kano, mai kaurin nan da muka saba gani a littattafan kasuwa. In aya ce ko hadisi za ka buga, roƙona gare ka kada ka miƙa wa inji sai malami ya duba, domin wasali ɗaya in ya zame ma'ana ta tafi.

Mataki na 8: Kafin aiki ya bar hannunka

Ka fitar da PDF ka tura wa wanda ke karanta harshen. PDF nake nufi, ba hoton fuskar kwamfuta da aka ɗauka da waya ba, don ya iya buɗa shi ya ga kowane harafi. Ka ce ya duba sunaye, lambobi da wuraren da layi ya yanke. A aikin Alhaji, ɗan ƙanin nasa ya gano na raba wata kalma a inda ba a rabawa, ya kuma ga alamar zance ta Turanci a wuri biyu. Ni da idona ba zan taɓa ganin su ba.

Bayan ya amince, adana fayil biyu. Ɗaya mai rai, wanda rubutunsa ke gyaruwa, tare da font ɗin a jaka ɗaya. InDesign na tattara maka su da Package. Ɗayan na madaba'a, wanda ka mayar da rubutunsa zane: Ctrl da Q a CorelDRAW, Ctrl, Shift da O a Illustrator. In littafi ne mai shafuka da yawa, bar rubutun da ransa ka fitar da PDF/X-1a ko PDF/X-4, waɗanda ke tilasta cusa font a cikin fayil. Buɗe shi a Acrobat, danna Ctrl da D, shiga Fonts, ka tabbatar kowane suna na da Embedded ko Embedded Subset a gabansa. In ka ga sunan font ɗin da ba kai ka sa ba, aro aka yi a wani wuri, koma ka nemo shi.

Sunan fayil ɗin kansa ka rubuta shi da boko zalla, ba Sirilik, ba ƙugiya, domin tsofaffin kwamfutocin da ke jan injinan buga faranti sukan ƙi buɗe fayil saboda sunansa kawai. Ka buga gwaji ɗaya a takarda, ka ba mai injin ya riƙe a gefensa, tunda shi ma ba ya karanta harshen kuma da wannan takardar kaɗai zai auna abin da ya fito. Na Alhaji mun buga shi washegari da hantsi, kati ɗari biyar da takardar talla dubu ɗaya, ya zo da kansa bayan la'asar ya ɗauka.